Jaz, giya da littattafai: me ya haɗa su, kuma ta ina sabon shiga zai fara?

"Assalamu alaikum. Ina aiki a Landan, kuma akwai wani dattijon Bature a ofishinmu wanda ba shi da hira sai ta abu uku: faya-fayan jaz, irin giyar da ya ɗanɗana a ƙarshen mako, da littafin da yake karantawa. Ya ba ni aron faifai biyu na saurara, amma gaskiya ji na yi kamar kowa na busa abin da ya ga dama. Yanzu kuma ya gayyace ni gidan da ake yin kiɗan. Ni ba na shan giya. Shin sai da ita ake jin daɗin kiɗan nan? Kuma ta ina zan fara in ina son in ji abin da shi yake ji?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambaya biyu ka haɗa. Ta farko, ko giya tana cikin kiɗan ne ko kuwa zaman wuri ɗaya kawai ya haɗa su. Ta biyu, yadda kunnen da bai saba ba zai kama zaren abin da ake bugawa. Ta farkon amsarta gajera ce: giya ta shigo ne ta hanyar kuɗin haya da albashin makaɗa, kiɗan kansa ba ya buƙatarta. Ta biyun ita ce mai aiki, kuma a kanta zan fi daɗewa, domin wannan jin na "kowa na busa abin da ya ga dama" kusan duk mai son jaz ya taɓa yin sa, kuma yana da magani.

Inda aka samo haɗin

A New Orleans jaz ya tashi, a farkon ƙarni na ashirin, a hannun baƙaƙen fatar Amurka, daga kiɗan coci, waƙoƙin bulus (salon waƙar baƙaƙen Amurka na bayyana damuwar rayuwa) da bandunan fareti. An fara ɗaukarsa a faifai a 1917. Shekara uku bayan haka Amurka ta haramta sayar da giya, daga 1920 har 1933, sai mashaya suka koma ɓoye a ƙarƙashin gine-gine a Shikago da New York, kuma masu su ne suka fi ɗaukar makaɗa haya don su jawo jama'a. Daga nan tsarin ya zauna: kuɗin shiga ba ya isa ya biya makaɗa huɗu ko biyar da hayar wuri, ribar abin sha ce take cike giɓin. Shi ya sa har yau gidaje da yawa suke sa wa kowane mai kujera sharaɗin sayen abin sha ɗaya ko biyu.

Makaɗan sun biya farashin wannan zama. Bix Beiderbecke ya rasu a 1931 yana ɗan shekara 28, Charlie Parker a 1955 yana da 34, Billie Holiday a 1959 tana da 44 da ciwon hanta, Lester Young shi ma a 1959 yana da 49. A cikin su duka shaye-shaye yana da hannu. John Coltrane kuwa ya watsar da giya da ƙwaya a 1957, kuma ayyukansa da aka fi girmamawa duk bayan haka ya yi su. Da yawa daga manyan wannan kiɗa Musulmi ne. Mai fiyano Ahmad Jamal ya buɗe gidan kiɗa a Shikago a farkon shekarun 1960, mai suna Alhambra, inda ba a sayar da giya, kodayake gidan bai yi tsawon rai ba. Yusef Lateef ya kai ga daina wasa a wuraren da ake sayar da ita. Wannan bawan Allah ma ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya nazarci sarewar Fulani da kiɗan Hausa. Saboda haka in ka zauna da lemo a gabanka, kana cikin sahu mai tarihi.

Yadda ake kama zaren kiɗan

Abin da ke rikita sabon kunne shi ne yana jiran waƙa mai baiti da amshi daga farko har ƙarshe. A jaz ana buga ainihin karin sau ɗaya a farko, a ajiye shi, kowane makaɗi ya ɗauki lokacinsa yana ƙirƙirar nasa a kan wannan gindin, sannan a dawo da karin a rufe. Gindin ba ya canzawa. Zagaye yake yi, kamar yadda makaɗan kalangu suke riƙe kiɗa ɗaya yayin da mawaƙi yake zubo sababbin baitoci nan take. Wanda ya iya bin zagayen ya gama rabin aikin.

Ga yadda ake ƙirga shi. Mai buga bas, wato babbar gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa ana tsinkar tsirkiyarta da yatsu, yakan buga sauti ɗaya a kan kowane bugu. Ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu tare da shi: wannan gaɓa ɗaya ke nan. Mai ganga kuma yana taka wasu faya-fayan tagulla biyu da ƙafar hagu, suna cewa "cik" a kan biyu da huɗu. In za ka kaɗa yatsa, a kan biyu da huɗu za ka kaɗa. Mai kaɗawa a kan ɗaya da uku zai ji kiɗan ya yi masa nauyi kamar fareti, kuma yawancin sababbin shiga a nan suke fara ɓata.

Zagayen da suka fi yawa iri biyu ne. Akwai na bulus mai gaɓa 12. Akwai kuma mai gaɓa 32 da aka raba huɗu, takwas-takwas: kashi na farko, a maimaita shi, a shiga wani kashi daban da ake kira gada, a koma na farko.

Ka nemi faifan Miles Davis mai suna Kind of Blue, wanda aka ɗauka a New York cikin kwana biyu kacal, 2 ga Maris da 22 ga Afrilu 1959. Kiɗan farko a ciki, So What, shi ne darasin da ya fi kowanne sauƙi. Bayan 'yar gajeriyar gabatarwa, bas ɗin Paul Chambers zai yi kira, sauran su amsa masa da sauti biyu, tamkar 'yan amshi. Ka ƙirga: gaɓa 16 ana wuri ɗaya, sai ka ji komai ya ɗan ɗaga sama kaɗan na gaɓa takwas, sannan ya sauko ya yi takwas na ƙarshe. Wannan ɗagawar ita ce gadar, kuma ita ce alamarka a kan hanya. Zagaye ɗaya bai cika minti ɗaya ba. Daga nan mai ganga Jimmy Cobb zai daki faifan tagulla da ƙarfi, Miles ya shigo da ƙahonsa ya yi zagaye biyu, Coltrane ya karɓa da sakasofon, Cannonball Adderley ya biyo shi, sai Bill Evans a kan fiyano, sannan bas ya dawo da kiran farko. Duka minti tara da 'yan daƙiƙu.

Shawarata ita ce ka saurari wannan kiɗa ɗaya sau biyar a cikin mako, kowane karo da aiki daban. Karo na farko bas kaɗai za ka bi. Na biyu ka ƙirga gaɓoɓi, ka ɗaga yatsa duk lokacin da aka hau gada. Na uku ka bi Miles, ka lura da yawan shirun da yake bari tsakanin jimlolinsa. Na huɗu ka kwatanta Coltrane da Adderley: na farkon yana kama 'yar jimla ɗaya yana jujjuya ta kamar mai neman mabuɗin da zai buɗe ƙofa, na biyun yana zuba kamar mai ba da labari cikin nishaɗi. Karo na biyar kada ka ƙirga komai. A nan ne yawanci mutum yake fara jin cewa hira suke yi, kowa na sauraron ɗan'uwansa.

Za ka ɓata a ƙirga, musamman a wurin da takwas na ƙarshe suka haɗu da goma sha shida na sabon zagaye, domin gaɓa 24 ke nan a jere ba tare da canji ba. Kada ka koma baya. Ka jira gada ta gaba, ka ci gaba daga nan. Mai ganga ma yakan taimaka, don sau da yawa yana yin ɗan ƙarin bugu a ƙarshen kowane takwas.

Bayan wannan, kiɗa na biyu a faifan, Freddie Freeloader, bulus ne mai gaɓa 12, kuma Wynton Kelly ne a kan fiyano a cikinsa. Daga nan ka wuce zuwa Moanin' na Art Blakey, wanda aka ɗauka a 1958, inda kira da amshi suka fito fili irin na coci; sai wasan Ahmad Jamal a otal ɗin Pershing na Shikago, shi ma 1958, don ka ji yadda mutum uku suke cika ɗaki ba tare da hayaniya ba; sai Eastern Sounds na Yusef Lateef, 1961. Time Out na Dave Brubeck yana da daɗin shiga, amma ka sani sanannen kiɗan da ke ciki bugu biyar-biyar yake tafiya, ƙirgar huɗu ba za ta zauna a kansa ba. A Love Supreme na Coltrane, wanda aka ɗauka a Disamba 1964, ka ajiye shi sai ka yi wata biyu ko uku kana sauraro. Haka ma faya-fayan mai sakasofon Ornette Coleman. Ina kyautata zaton cikin faya-fayan da aka ara maka akwai irin waɗannan, domin tsofaffin masoya sukan manta cewa abin da suke so yau ba da shi suka fara ba.

Faifai ɗaya a mako ya isa. Mai buɗe jerin waƙoƙi ɗari a waya yana tsalle daga wannan zuwa wancan zai shekara bai iya bambanta muryar ƙahon Miles da ta Lee Morgan ba.

Kayan sauraro da abin da ke lalacewa

Lasifikar waya ba ta fitar da sautin bas, kuma bas shi ne igiyar da kake riƙewa. Ka sa abin kunne mai rufe kunnuwa biyu. Ka tabbata biyun ne, saboda faya-fayan ƙarshen shekarun 1950 sukan ware wani makaɗi kacokan a hagu, wani a dama. Mai sa ɗaya a kunne zai iya rasa sakasofon gaba ɗaya.

In abokinka ya ja ka zuwa faifan garmaho, ga abin da ya kamata ka sani. Babban faifai yana juyawa sau 33 da sulusi a minti, kowace fuska tana ɗaukar kamar minti ashirin. Nauyin allura a kan faifai yawanci tsakanin giram ɗaya da rabi ne zuwa biyu da rabi, gwargwadon abin da kamfanin allurar ya rubuta. In ya yi sauƙi da yawa allura za ta riƙa tsalle tana kankare ramin, kuma wannan ya fi ɗan ƙarin nauyi ɓarna. In ka ji sautin ya fito siriri, ƙasa-ƙasa, to babu ƙaramin akwatin ƙara ƙarfi da ake sawa tsakanin garmaho da amfilifaya. In kuma gurnani kake ji ba ya tsayawa, siririyar wayar da ke fitowa daga bayan garmaho, wadda ake kira ta ƙasa, ce ba a ɗaure a jikin amfilifaya ba. Faifai a tsaye ake ajiye shi, nesa da hita da taga mai rana, don zafi yana lanƙwasa shi kuma ba ya miƙewa da sauƙi. A gefe ake riƙe shi. Duk wannan sha'awa ce mai cin kuɗi, kuma ba ta ƙara wa kunne fahimta. Abin kunne mai kyau da waya sun ishe ka shekarar farko.

Abin da yake nufi in yana maganar giya

Ko ba ka sha, sanin kalmomin zai sa ka bi hirarsa. Abu huɗu ake haɗawa: ruwa, tsiron sha'ir, yis, da wani fure mai ɗaci da ake kira hop. Gida biyu ne manya. Laga ana barinta ta tsima cikin sanyi na makonni, ta fito fara mai sauƙi, ita ce irin wadda aka fi sani a Najeriya. El kuwa tana tsima da ɗan ɗumi cikin 'yan kwanaki, ta fi ƙamshi da kauri. Dattijon Ingila mai son jaz galibi mutumin el ne, musamman wadda ake ɗebowa daga ganga da famfon hannu, a sha ta da sanyin ɗakin ƙasa, wajen digiri 11 zuwa 13. Baƙar nan da ake kira sitawut launinta daga gasasshen sha'ir yake zuwa. Ƙarfinsu ya bambanta sosai: ta yau da kullum a Ingila kusan kashi 4 cikin ɗari, wasu na Beljiyam har 9 ko 10. Akwai ma wani kamfani a Kalifoniya da ya sa wa tasa sunan mai fiyanon jaz Thelonious Monk, abin da ke nuna yadda kasuwa ta rungumi wannan haɗi.

Abin da ya sa mutum ɗaya yakan so jaz da giya da littattafai, a ganina, hali ne guda: son bambance abu da ɗan'uwansa, da haƙurin zama da abu ɗaya har a san shi. Mai iya gaya maka wane ne ya buga ganga a faifan 1958 shi ne mai son sanin garin da aka yi abin da ke kofinsa. Wannan halin ana samun sa a wurin masu shayi da masu gahawa. A Japan akwai gidajen gahawa na jaz, inda ake zama shiru gaban manyan lasifiku, a wasu ma an hana hira. Marubuci Haruki Murakami irin wannan gida ya riƙe a Tokyo daga 1974 zuwa farkon shekarun 1980, kafin ya koma rubutu kacokan.

Kai abin da ya shafe ka shi ne abin da za ka ce wa mai kawo abin sha. Lemo, ruwan 'ya'yan itace, ruwa mai gas ko gahawa duk suna cika sharaɗin gidan. Ka yi hattara da kwalaben da aka rubuta wa "marar maye", domin wasunsu suna ɗauke da sinadarin maye har rabin kashi ɗaya cikin ɗari; ka karanta lambar da ke jikin kwalbar. Hukuncin shan irin waɗannan, da na zama a wurin da ake sha, magana ce ta malamai, kuma su ya kamata ka tambaya. In zuciyarka ba ta kwanta da gidan dare ba, Landan tana da zaurukan kiɗa irin su Barbican da Southbank, inda ake zama a jere kamar a lacca, kuma kowace Nuwamba ana bikin jaz na birnin a irin waɗannan wurare.

Littattafai

A nan ba sai ka tara da yawa ba. Na farko shi ne bayan faifan kansa: sunayen makaɗa, abin da kowa ya buga, ranar ɗauka da wurin. Masoya jaz ta nan suke gano hanya. Ka ji bas ɗin Paul Chambers ya burge ka, sai ka bi sunansa zuwa faifai na gaba. Za ka yi ta cin karo da sunan Rudy Van Gelder, injiniyan da ya ɗauki ɗimbin faya-fayan kamfanin Blue Note, da farko a falon gidan iyayensa a New Jersey.

In littafi ɗaya za ka saya, ka sayi How to Listen to Jazz na Ted Gioia, 2016, don da mai sauraro yake magana, ba ya buƙatar ka iya karanta rubutun kiɗa. Mai son sanin yadda bauta da wariyar launin fata suka haifi wannan sauti ya nemi Blues People na LeRoi Jones, 1963. Tarihin rayuwar Miles Davis da ya fito a 1989 yana cike da bayani daga bakin mai abin, sai dai ashar ta yi yawa a ciki, ka san da haka kafin ka buɗe. Wanda ya fi kusa da mu shi ne Africa Speaks, America Answers na Robin Kelley, 2012, a kan yadda makaɗan Afirka da na Amurka suka riƙa koyi da juna a zamanin samun 'yancin kai. Kuskuren da ake yi shi ne a karanta shafi ɗari ba a kunna komai ba. Duk inda marubuci ya ambaci wani kiɗa, ka ajiye littafin, ka nemo shi ka ji, sannan ka ci gaba. Babi ɗaya zai iya ɗaukar ka mako guda, kuma hakan daidai ne.

Daren da za ku je

In Ronnie Scott's ne a Soho, wanda aka buɗe tun 1959, ko wani gida irinsa, a kama kujera tun da wuri. Yawanci ana wasa zama biyu a dare, kowanne awa ɗaya zuwa awa da kwata, kiɗa biyar ko shida. Ka duba sunan wanda zai yi wasan, ka saurari faifansa ɗaya kafin ranar. Ka zaɓi wurin da za ka ga hannun mai fiyano da fuskar mai ganga, amma kada ka zauna dab da gangunan, za su danne maka komai.

Ana tafi bayan kowane makaɗi ya gama nasa zagayen, ko da kiɗan bai ƙare ba. Lokacin da mai bas ya karɓa, sauran sukan yi ƙasa sosai, kuma a nan ne hira ta fi zama rashin ladabi. A faifan da Bill Evans ya ɗauka a Village Vanguard na New York ranar 25 ga Yuni 1961 ana jin ƙarar kofuna da surutun mutane a bayan bas ɗin Scott LaFaro, wanda ya rasu a haɗarin mota kwana goma sha ɗaya bayan wannan rana; mai sauraro a yau yakan so a ce sun yi shiru. Wajen ƙarshen kiɗa za ka ga mai ƙaho ya busa gaɓa huɗu, mai ganga ya amsa da huɗu, suna ta musaya: ka ƙirga tare da su, zagayen yana nan yana tafiya a ƙarƙashi. In ka ga shugaban ya taɓa kansa da hannu, yana gaya wa sauran a koma karin farko ne, an kusa rufewa. Ka sa wayarka a aljihu, ka yi odar abin shanka kafin a fara ko tsakanin kiɗa da kiɗa, kuma in an tashi ka tambayi abokin naka wane makaɗi ya fi bi a daren, da dalilinsa.